Che Guevara: Ɗalibin Da Ya Bar Gida A Kan Tsohon Babur

 A shafinmu na tarihin fitattun mutane na wannan mako mun ɗauko wani mutum da yawancinmu mun san fuskarsa amma ba mu san labarinsa ba. Shi ne mai gemun nan da baƙar hula mai tauraro a goshi, wanda ake bugawa a jikin riguna da sitika. Wasu na ɗauka mawaƙi ne, wasu kuma ɗan ƙwallo. Sunansa Ernesto Guevara, duniya kuma ta fi saninsa da Che. Likita ne, ɗan juyin juya hali ne, amma kafin duk wannan ɗalibi ne kamarmu, wanda ya hau tsohon babur da abokinsa suka shiga duniya.

An haife shi a birnin Rosario na ƙasar Ajantina a shekarar 1928, a gidan masu rufin asiri. Tun yana ɗan shekara biyu ciwon asma ya kama shi, bai kuma rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Saboda wannan ciwo iyayensa suka koma garin Alta Gracia da ke yankin Cordoba, inda iskar tuddai ta fi bushewa. Ranakun da ciwon ya hana shi zuwa makaranta, a gado yake yin su da littafi a hannu, shi ya sa ya tashi da karance-karance fiye da sa'o'insa. Amma kada ku ɗauka lagwani ne. Yana buga wasan zari-ruga, da na'urar shaƙa ta masu asma a gefen fili. A 1948 ya shiga Jami'ar Buenos Aires don karatun likita.

Abokin tafiyar tasa shi ne Alberto Granado, masanin haɗa magunguna da ya yi aiki a asibitin kutare, wanda ya girme shi da shekara shida. Babur ɗin ma na Alberto ne, ƙirar Norton mai ƙarfin 500, wanda aka ƙera a Ingila a 1939. Sun sa masa suna La Poderosa, wato Mai Ƙarfi. Sunan dai fata ne kawai, domin babur ɗin ya riga ya sha jiki. A watan Janairun 1952 suka bar Buenos Aires, Ernesto yana da shekara 23, saura masa kaɗan ya gama jami'a. Suka ɗora wa babur tanti da barguna da tukwane da kayan gyara, har da ɗan kwikwiyo da Ernesto zai kai wa budurwarsa a garin Miramar na bakin teku. Sun yi niyyar kwana biyu a can, suka share fiye da mako guda. Budurwar kuwa ba a daɗe ba ta aiko masa da wasiƙar rabuwa, ta same shi a hanya.

Duk wanda ya taɓa hawa ɗan acaɓa da lodi ya yi masa yawa zai gane halin da suka shiga. Gaban babur yana ɗagawa, baya yana rinjaya, hanyar kuma yashi da tsakuwa. Akwai ranar da suka faɗi sau da yawa tsakanin safiya da yamma. Duk abin da ya karye, Alberto sai ya ɗaure shi da waya. Kuɗinsu ba su taka kara sun karya ba, don haka inda dare ya yi musu nan ne masauki: ofishin 'yan sanda, barandar asibiti, rumbun manomi, ko ɗakin girkin wani bawan Allah. Wani dare a yankin tuddan kudu, an faɗa musu akwai damisar daji a kusa, Ernesto ya ga idanu biyu suna ƙyalli a bakin ƙofa ya harba bindiga. Ashe karen masu gidan ne. Da kunya suka bar wurin.

A watan Fabrairu suka tsallaka tsaunukan Andes zuwa ƙasar Chile. A garin Temuco wata jarida ta buga hotonsu a matsayin ƙwararrun masana kuturta daga Ajantina, alhali ɗayansu ko takardar shaidar likita bai karɓa ba. Suka yanke shafin suka riƙe, ya zama musu tikitin cin abinci kyauta a gidaje da dama. Babur ɗin dai ya ci gaba da ba su wahala. Birki ya tsinke musu a wata gangara ga garken shanu a gaba, Allah ya kiyaye ƙafar saniya ɗaya kawai suka buge. Ba a jima ba injin ya mutu murus a wani hawa. 'Yan kwana-kwana na garin Los Angeles na Chile suka ba su wurin kwana, daga nan aka ɗora Mai Ƙarfi a bayan babbar mota zuwa Santiago, aka ajiye shi a wani gareji. Ko rabin tafiyar bai yi ba.

A ganina mutuwar babur ɗin ita ce abu mafi amfani da ya same su. Mai babur wucewa yake yi, mutane na ɗaga masa hannu daga gefen titi. Wanda ba shi da abin hawa kuwa dole ya tsaya a gefen titin tare da su, ya jira motar da suke jira, ya ji ƙishirwar da suke ji.

A Valparaiso aka roƙi Ernesto ya duba wata tsohuwa mai asma da ciwon zuciya. Ya same ta a ɗaki mai ƙura da wari, matar da har kwanan baya take aikin raba abinci a gidan cin abinci, yanzu ta zama nauyi ga danginta. Ya san ciwon a jikinsa, ya kuma san cewa 'yan ƙwayoyin da ya bar mata ba za su yi komai ba. Daga nan suka ɓuya a cikin wani jirgin ruwan dakon kaya da zai tafi Antofagasta. Da aka gano su, kyaftin ya sa Alberto feraye dankali, ɗalibin likita kuma aka miƙa masa wankin ban-ɗaki.

Haɗuwar da ta fi tsaya masa a rai ta faru ne a Baquedano, wani ɗan gari a cikin hamadar Atacama. Hamadar nan da rana zafi, da dare sanyi mai ratsa ƙashi. A nan suka tarar da wani ma'aikaci da matarsa, su ma matafiya ne, amma ba irin tafiyar ganin duniya ba. Mijin ya yi wata uku a kurkuku saboda yana cikin jam'iyyar kwaminis, wadda gwamnatin Chile ta haramta tun 1948. Ba mai ɗaukarsa aiki. Sun bar 'ya'yansu a hannun wani maƙwabci, sun nufi wuraren haƙar farar wuta a can ƙololuwar duwatsu, inda aikin ya yi muni har ba a tambayar takardun mutum. Ko bargo ɗaya ba su da shi. Samarin biyu suka raba gurasa da cuku da shayin mate tare da su, suka ba su bargo ɗaya, su kuma suka duƙunƙune a cikin ɗayan. Ernesto ya rubuta daga baya cewa yana cikin dare mafi sanyi da ya taɓa yi, kuma a daren ne ya ji kusanci da mutanen da a da bai san su ba. Washegari kowa ya kama gabansa, ba su sake haɗuwa ba. Su suka wuce Chuquicamata, ɗaya daga cikin manyan ramukan haƙar tagulla a duniya, wanda a lokacin yake hannun wani kamfanin Amurka. Suka ga arzikin da ake fitarwa, suka kuma ga maƙabartar ma'aikata.

A ƙasar Peru bayan manyan motoci ne abin hawansu, tare da 'yan asalin ƙasar na ƙabilun Aymara da Kecuwa, da buhuna da dabbobi. Abin da ya dame shi shi ne sau da yawa direba kan kira su su biyun su dawo gaba saboda farar fatarsu, a bar masu ƙasa a baya cikin sanyi da ruwan sama. Ya lura mutanen ba sa ko ɗaga ido su kalli baƙo. A hanyar Puno suka haɗu da wani malamin makaranta da gwamnati ta kora saboda siyasa. Shi ya riƙa yi musu bayanin al'adun mutanen, da yadda makarantar da Turawa suka kawo take koya wa yaro jin kunyar asalinsa. Sun ga tafkin Titicaca, sun ga birnin Cuzco da kangon Machu Picchu na daular Inka. A Lima kuma Dakta Hugo Pesce, babban masanin kuturta na ƙasar, ya karɓe su kamar 'ya'yansa, ya ciyar da su, ya ba su tufafi da littattafai. Shekaru bayan haka, da Che ya rubuta littafinsa kan yaƙin sunƙuru, sai da ya aika wa wannan likita kwafi.

Ta hannun Pesce suka isa San Pablo, wata unguwar kutare a bakin kogin Amazon, a watan Yuni. Marasa lafiya ɗaruruwa suna zaune a nasu ɓangaren, ma'aikata a nasu, ruwa ya raba tsakani. Baƙin biyu suka riƙa gaisawa da kutaren hannu da hannu ba safar roba, suna zama tare da su, suna buga ƙwallo tare. Ba wauta ba ce: Alberto ya san kuturta ba ta saurin yaɗuwa kamar yadda mutane ke tsoro. Ga mutanen da danginsu ma suka guje su, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A nan Ernesto ya cika shekara 24. Da za su tafi aka haɗa musu wani jirgin gungumen itace mai ɗan rufi, aka sa masa suna Mambo-Tango, marasa lafiya suka yi musu kiɗan ban-kwana. Barci ya kwashe matuƙan biyu, ruwa ya wuce da su garin Leticia na Kolombiya har cikin ƙasar Brazil, sai da suka dawo a kwale-kwale. A Leticia suka zama masu horar da wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo, Ernesto yana tsaron gida, suka kai ta wasan ƙarshe.

A Caracas ta Benezuwela suka rabu a watan Yuli. Alberto ya samu aiki a asibitin kutare ya zauna. Ernesto ya bi jirgin saman da ke dakon dawakin sukuwa, jirgin ya lalace a Miami ya yi kusan wata guda a can ba ko sisi, sannan ya koma gida. A 1953 ya zama likita. Dole mu faɗi wani abu a nan, tunda mu baƙar fata ne ke karantawa: a littafinsa na wannan tafiya akwai kalaman raini da ya rubuta game da baƙaƙen da ya gani a unguwannin talakawan Caracas. Tafiyar ta buɗe masa ido, amma ba ta wanke shi tas a lokaci guda ba.

Sauran tarihinsa ya fi shahara. Ya sake fita yawo, yana Gwatemala a 1954 lokacin da aka kifar da zaɓaɓɓen shugaba Jacobo Arbenz da taimakon hukumar leƙen asirin Amurka, abin da ya sa ya yanke shawarar cewa sai da bindiga za a yi gyara. 'Yan Kuba masu gudun hijira ne suka laƙaba masa Che, saboda kalmar ba ta fita daga bakin 'yan Ajantina idan suna kiran mutum. A Meziko ya haɗu da Fidel Castro a 1955. A ƙarshen 1956 yana cikin mutum 82 da suka shiga jirgin ruwan Granma zuwa Kuba, a matsayin likitan tawaga, amma ya ƙare yana kwamanda. Ranar 1 ga Janairun 1959 shugaba Batista ya tsere. Che ya riƙe babban bankin ƙasar, ya kuma yi ministan masana'antu.

Ya kuma shugabanci kurkukun La Cabaña, inda aka yanke wa mutane da dama na tsohuwar gwamnati hukuncin kisa bayan shari'o'in gaggawa, aka harbe su. Wannan ne ya sa har yau ake jayayya a kansa. Wasu na ganinsa gwarzon talakawa, iyalan waɗanda aka kashe da 'yan Kuba da suka yi hijira kuwa suna ganinsa marar imani. Ni dai na kasa haɗa hoton saurayin da ya ba da bargonsa a hamada da na mai sa hannu a takardar kisa, amma mutum ɗaya ne.

Ya zo Afirka. Daga ƙarshen 1964 zuwa farkon 1965 ya ziyarci Aljeriya da Mali da Gini da Ghana, inda ya gana da Kwame Nkrumah, da Dahomey da Tanzaniya da Masar. A 1965 ya shiga gabashin Kwango a ɓoye da sojojin Kuba, galibinsu baƙar fata, don taimaka wa 'yan tawayen da suka haɗa da Laurent Kabila. Bayan wata bakwai ya janye, shi da kansa ya amsa cewa sun gaza. A Bolibiya ma manoman da ya je dominsu ba su bi shi ba. Sojoji suka kama shi da rauni ranar 8 ga Oktoban 1967, suka tsare shi a wani ɗan ajin makarantar ƙauyen La Higuera, washegari suka harbe shi. Shekarunsa 39. Sai a 1997 aka gano ƙasusuwansa aka mayar da su birnin Santa Clara na Kuba.

Alberto Granado kuwa ya koma Kuba a 1961 bisa gayyatar abokinsa, ya taimaka wajen kafa makarantar likitoci a birnin Santiago de Cuba. Lokacin da ake shirya fim ɗin tafiyar tasu, wanda ya fito a 2004, an ɗauke shi mai ba da shawara, ya sake bin tsohuwar hanyar yana da shekara kusan tamanin. Ya rasu a Havana a 2011.