Paul Villard, masanin da ya haɗa ƙanƙarar da ke kama wuta

An haifi Paul Villard ranar 28 ga Satumba 1860 a garin Saint-Germain-au-Mont-d'Or, kusa da birnin Lyon na Faransa. Ya yi karatu a makarantar École normale supérieure da ke Paris, sannan ya koyar a makarantun sakandare. Da yake ya gaji abin da zai riƙe shi, sai ya ajiye alli ya koma ɗakin gwaje-gwaje na tsohuwar makarantarsa.

Villard kan haɗa kayan aikinsa da hannunsa. Yakan zuba ruwa da iskar gas a cikin bututu mai ƙarfi, ya matse su sosai, ya sanyaya, har su dunƙule su zama wani farin abu mai kama da ƙanƙara, wanda masana ke kira haidiret. A 1888 ya samar da na iskar mitan, wato babban sinadarin da ke cikin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa. Idan aka kusanta ashana da wannan ƙanƙara, sai ta kama da wuta. Ya kiyasta cewa kowace ƙwayar gas guda tana tafiya da ƙwayoyin ruwa shida. Sai a farkon shekarun 1950 aka tabbatar cewa ruwan keji yake ginawa, ya kulle gas ɗin a ciki.

A 1900, yana nazarin sinadarin radiyom, ya gano wani haske marar ganuwa mai ratsa ƙarfe. Ernest Rutherford ya raɗa masa suna gamma a 1903, kuma yau ana ƙona cutar daji da shi. An zaɓi Villard cikin majalisar masana kimiyya ta Faransa a 1908. Ya rasu a Bayonne ranar 13 ga Janairu 1934.

A shekarar da ya rasu ne wani injiniya a Amurka, Hammerschmidt, ya nuna cewa wannan ƙanƙara ce ke toshe bututun gas. Shi ya sa har yanzu a rijiyoyin mai da gas na teku mai zurfi, inda sanyi da matsi suke haɗuwa, ake zuba sinadarai kamar mitanol don hana ta daskarewa. Ghana na haƙo mai a irin wannan teku, a filin Jubilee, tun 2010, kuma gas ɗinsa na shiga tashoshin da ke ba ƙasar wutar lantarki, wadda ke kaiwa har Tamale.