Carl Linnaeus, Mai Raɗa wa Halittu Suna

Ɗalibai, kun san tsamiya da kuka, domin ga su nan birjik a ƙasar Kontagora. A littattafan kimiyya kuwa, ana kiran su Tamarindus indica da Adansonia digitata. Wanda ya raɗa musu waɗannan sunaye shi ne Carl Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin.

An haife shi ranar 23 ga Mayu, 1707. Mahaifinsa limamin coci ne mai son lambu, kuma a wannan lambu ne yaron ya fara haddace sunayen tsirrai. Ya karanci aikin likita, ya tafi Holan, inda ya wallafa littafinsa Systema Naturae a 1735. A 1741 ya zama farfesa a Jami'ar Uppsala.

A zamaninsa, sunan tsiro ɗaya kan kai tsawon jimla guda, kowane masani kuma da nasa. Linnaeus ya daidaita al'amarin: kowace halitta kalma biyu cikin Latin, ta farko sunan dangi, ta biyu sunan kanta. Ku kwatanta da yadda ake haɗa sunan mutum da na gidansu.

Sai dai halittun teku sun ba shi wuya. Akwai wata da Turawa ke kira jelifish, mai siffar laima, jikinta lumtsum, ba ƙashi ba jini. Ba kifi ba ce. Da ya rasa inda zai ajiye ta, sai ya jefa ta rukunin tsutsotsi tare da katantanwa, rukunin da ya zame masa kamar ɗakin tarkace. A bugu na goma, na 1758, ya kira wani nau'inta Medusa aurita. Daga baya masanan Faransa suka mayar da ita dangin Aurelia, ta koma Aurelia aurita. Rikicin bai ƙare nan ba, domin binciken ƙwayoyin gado a 2001 ya nuna cewa nau'o'i da dama masu kama da juna ne aka daɗe ana kira da wannan suna ɗaya. Ko tsamiyarmu ma, ya jingina ta ga Indiya, alhali asalinta Afirka ne.

Ya rasu a Uppsala ranar 10 ga Janairu, 1778. A 1784 iyalinsa suka sayar wa wani Baturen Ingila littattafansa da busassun tsirran da ya tara, kuma suna ajiye a Landan har yau.