Taƙaitaccen Tarihin Hokusai, Mai Zanen Igiyar Teku

Mu da muka tashi tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, galibinmu labarin teku kawai muke ji, iyakar ruwan da muka sani shi ne kududdufin damina, sai ko madatsar Tiga. Duk da haka, da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa ganin hoton wata ƙasaitacciyar igiyar ruwa da ta miƙe tana shirin rufe jirage uku ba. Mai wannan zane shi ne Katsushika Hokusai.

An haife shi a 1760 a birnin Edo na ƙasar Japan, watau Tokyo ta yanzu. Yana saurayi ya shiga almajirci wurin Katsukawa Shunsho, inda ya koyi zanen da akan sassaƙa a allon katako, a shafa launi, sa'an nan a danna takarda kamar hatimi. Mutum ne maras zama wuri ɗaya: ya sake suna fiye da sau 30, gida kuwa an ce sau 93.

Abin da bai sake ba shi ne duban ruwa. Tun wajen 1797 ya zana igiya a gaɓar Enoshima, ya sake gwadawa a farkon ƙarni na 19. Wanda ya jera waɗannan zane-zane zai ga igiyoyin farko a sandare suke, sai ka ce tudun ƙasa. Sai wajen 1831, yana da shekara 70, bayan matarsa ta rasu, bashin jikansa kuma ya tsiyata shi, ya fitar da Babbar Igiyar Kanagawa cikin jerin zanensa na Dutsen Fuji. A nan ruwa ya yi rai. Kumfa ta barbazu kamar faratan shaho, matuƙa jiragen kifi sun duƙufa, dutsen da Japanawa ke girmamawa kuwa ya koma ɗan mitsitsi can nesa. A ganina, shekara 30 ɗin nan ta kallo da maimaici ita ce asirin aikin, ba baiwa kaɗai ba.

Launin ma abin lura ne. Ya yi amfani da wani shuɗi da aka fara haɗawa a Balin ta Jamus, tare da baba, irin wanda marinan Ƙofar Mata suka sani sarai.

A 1839 gobara ta cinye gidansa da tarin zanensa, amma bai ajiye alƙalami ba, 'yarsa Oi, wadda ita ma gwanar zane ce, tana taya shi. Wajen 1845 ya sake zana igiyoyi biyu a garin Obuse. Ya rasu a 1849 yana da shekara 88. A 2024 Japan ta sa igiyar tasa a bayan takardar kuɗinta ta yen 1,000.