Alhaji Mamman Shata: Daga Tallan Goro Zuwa Fadar Daura

Yau filin namu zai ɗan ajiye zancen girki da reno, mu duba rayuwar wani mutum wanda na tabbata babu ɗaya daga cikinku da ba ta taɓa jin muryarsa ba, ko a rediyo tana cikin tankaɗe, ko a motar haya tsakanin Dutse da kasuwar Shuwarin. Watau marigayi Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina. Kada wata ta ce me ya haɗa filin mata da mawaƙin kalangu. Abin da ya haɗa mu da shi 'ya'yanmu ne. Kusan kowane gida akwai yaro ko yarinya da Allah Ya ba murya ko hannun kiɗa, kuma mu iyaye mata mu ne muke fara gani, mu ne kuma muke fara tsawatawa. To, ga tarihin wani yaron da aka tsawata wa, da inda muryar ta kai shi.

An haifi Mamman Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, Bafulatana ce daga Fulanin da ake kira Fulata-Borno. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran zamaninsa, amma bai shiga makarantar boko ba. Mahaifinsa ya so ya zama manomi ko ɗan kasuwa, domin a ganinsa, kuma a ganin yawancin mutanen wancan lokaci, waƙa roƙo ce, ɗan mutunci kuwa ba ya roƙo.

Saboda haka aka ɗora masa tallan goro. A nan ne fa ya samo sunan da duniya ta san shi da shi. In ya sayar da goron, sai ya bi hanya yana rabar da kuɗin ga waɗanda ya gamu da su a kasuwa ko a kan hanyar gida, ya dawo hannu rabbana. In an tambaye shi ina kuɗi, sai ya amsa cewa ya yi shata da su, watau ya watsar da su kyauta. Wani ɗan'uwansu mai suna Baba Salamu shi ne ya riƙa tsokanarsa da sunan Mai Shata, har sunan ya bi shi. Ke 'yar'uwa da kike ɗora wa yaro talla, na san abin da za ki yi wa wanda ya dawo miki da faranti babu goro babu kuɗi, kuma ban ga laifinki ba. A wajen ciniki kam yaron nan ya faɗi warwas. Amma ki lura da halin da ya fito tun a nan: mutum ne mai son jama'a fiye da abin hannunsa, kuma wannan hali shi ne jarin da ya ci da shi har ya tsufa.

Bayan goro ya taɓa tallan alewa, yana yi yana waƙa don jawo masu saye. Da dare kuma sai dandali, inda samari da 'yan mata ke taruwa, ana waƙa don nishaɗi, babu mai biyan kowa. Cikin ɗan lokaci ya fi sa'o'insa, domin shi ba ya zama ya tsara waƙa a gida ya haddace, a tsaye yake ƙaga ta, ya dubi mutum ya saka shi a ciki nan take. Daga ƙarshe ya yar da tallan gaba ɗaya ya kama waƙa, ba da son mahaifinsa ba.

Da a Musawa ya tsaya, da watakila iyakarsa ke nan, mawaƙin dandalin ƙauye wanda tsofaffin garin kaɗai za su tuna. Abin da ya fitar da shi mutum ne guda, Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar Musawa, wanda ke aikin En'e a Bakori yana kula da sayen auduga da gyaɗa. Shi ya ce wa Shata ya taso ya zauna kusa da shi. Ki duba wannan ƙaura da kyau, uwargida, don ita ce mabuɗin sauran labarin. A wancan zamani auduga da gyaɗa su ne kuɗin Arewa. Inda ake awonsu nan manoma ke karɓar kuɗin shekara, nan 'yan kasuwa da malaman En'e da direbobin manyan motoci ke haɗuwa, bayan kaka kuma sai bukukuwan aure su ɓarke. Mawaƙin da ke zaune a gindin mai kula da wannan ciniki, kullum yana ganin sababbin fuskoki masu abin hannu, kowannensu kuma in ya koma garinsu da labarin mawaƙin yake komawa. A Bakori ne Shata ya yi aurensa na fari, ya auri Binta wadda ake kira Iya, suka haifi 'ya mai suna Amina, Allah bai yi mata tsawon kwana ba. Daga nan ne kuma ya fara fita da makaɗansa da 'yan amshinsa zuwa Katsina da Kano.

A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi wani gagarumin biki a birnin Kano wanda ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta wajen 12 a lokaci ɗaya. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga wannan biki ne tauraronsa ya fito sosai. Dalili a fili yake. Taro irin wannan ya tara hakimai da attajirai da baƙi daga masarautu dabam dabam, kuma samarin da ake wa bikin da abokansu su ne manyan gobe. Mu nan ƙasar Dutse a lokacin ƙarƙashin En'e ta Kano muke, don haka duk abin da ya yi suna a birni ba ya daɗewa yake isowa gare mu.

A 1960 ya koma Funtuwa, gari mai tashar jirgin ƙasa da injin gurzar auduga, mahaɗar hanyoyin Zariya da Sakkwato da Katsina. Nan ya zauna kusan shekara 40. Bayan ya koma da shekara biyu, a 1962, aka buɗe gidan rediyon Kaduna na gwamnatin Jihar Arewa, sai muryar da a da sai an je biki ake jin ta ta shigo har tsakar gida, wurin matan kulle. Faifan garmaho da kaset su ma suka yaɗa ta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a sha'aninsa shi ne yadda yake riƙe mutane. Yawancin manyan mawaƙan da suka riga shi makaɗan fada ne, kowane yana da sarki guda da yake wa waƙa, kamar yadda Narambaɗa yake na Sarkin Gobir na Isa. Shata bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba. Ya yi wa Sardauna waƙa, ya yi wa sarakuna da hakimai, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata, ya yi wa mata da yawa, har kumbon Amurka da ya sauka a wata a 1969 bai bar shi ba. A cikin waƙa guda sai ki ji ya jero sunayen mutane da garuruwansu da iyayensu da abin alherin da kowane ya yi masa. Wanda duk ya ji sunansa a rediyo ta bakin Shata, ya zama nasa ke nan har abada, in Shata ya sauka garinsu akwai masauki, akwai abinci, akwai wanda zai kai shi wurin na gaba. Amma fa harshen kaifi biyu gare shi. Wanda ya saɓa masa yakan sha zambo, kuma tsoron zambon nan ya sa wasu suka riƙa yi masa kyauta ba don Allah ba. Wannan ɓangaren ban yaba ba, haka kuma waƙar da ya yi ta shaye-shaye, wadda malamai suka yi tir da ita tun yana raye.

Cikin dukkan mutanen da ya sani, babu wanda amana ta yi ƙarfi tsakaninsu kamar Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966. Shi ne ubangidansa na ƙwarai, kuma za ki ji ƙarshen wannan amana nan gaba.

Duk da kyautar da ke shigowa, Shata bai yar da noma ba, sana'ar da mahaifinsa ya so masa tun farko. Ya riƙe gona, ya kuma yi ta kiran mutanen Arewa cikin waƙa su tashi su yi aiki, su yi noma. Sa'an nan ya shiga siyasa da ƙafarsa, bai tsaya ga yi wa 'yan takara waƙa kawai ba. A shekarun 1970 ya tsaya zaɓe ya ci kujerar kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin, a tsohuwar Jihar Kaduna. Ki tuna mutumin nan bai taɓa zama a aji ba, sanin jama'a da jama'a suka yi masa shi ne takardar shaidarsa. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN mai mulki. A Jamhuriya ta Uku kuma aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa.

A nan ne aka ga iyakar abin. Saɓani ya shiga tsakaninsa da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa mai ritaya, wanda shi ne jigon jam'iyyar a Jihar Katsina, aka tsige Shata daga kujerar. A filin wasa shi ne sarki, in ya ɗaga hannu kalangu ya yi shiru. A cikin jam'iyya kuwa akwai masu riƙe da akala, shi kuma bai saba a ja shi ba. Murya ta kai shi kujerar, amma ba ta iya zaunar da shi a kai ba.

To, mu dawo gida. A ajin da nake koyarwa ba a rasa yarinyar da in ta fara waƙar taron safe sauran duk sai su yi tsit, ko yaron da ba ya barin tebur ya huta da kiɗa. A Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu kuma muna da zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya da ake kira gidajen biki da suna. Macen da ke shiga gida goma a wata ta wannan hanya, ta san amare goma da iyayensu da ƙawayensu. In tana ɗinki, ko ƙunshi, ko tana sayar da turaren wuta ko dabino, ai kasuwarta ce ta same ta a zaune. Sau da yawa sai ki ga an tashi biki ta ƙirga liƙin da aka yi mata ta tafi, ba ta riƙe sunan kowa ba, ba ta gaya wa kowa abin da take sayarwa ba. Shata bai taɓa barin wuri bai san sunan mai gida da na uban mai gida ba. Ita kuma yarinyar makaranta, ni dai shawarata kada a kashe mata baiwar da duka, a tsaya a kan karatunta, a kuma san gidajen da take shiga da irin kalmomin da ke fita bakinta.

Waƙar da aka raina a Musawa ta kai Shata ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila da Amurka, ya kuma sauke farali. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dokta, aka sa masa rigar malaman jami'a a gaban manyan masana.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da ciwo, aka kai shi asibiti a Kano da Jidda. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya bar mata uku da 'ya'ya da jikoki masu yawa. Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kai shi Funtuwa inda gidansa yake ba. Bisa ga wasiyyarsa, Daura aka kai shi, garin ubangidansa, Sarki Muhammadu Bashar kuwa ya halarci jana'izar da kansa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.