Malam Aminu Kano da Wayar Tarho

Duk yaron da ya tashi a Fagge ko Sabon Gari ya san sunan marigayi Malam Aminu Kano, ko da kuwa daga ƙarar jiragen da ke sauka a filin da aka sa wa sunansa ne. Iyayenmu sun san shi da NEPU da PRP da fafutikar talakawa. Amma ran da na tambayi 'yan ajinmu wane muƙami ya fara riƙewa a gwamnatin soja, sai aka yi tsit. To, daga 1967 zuwa 1971 shi ne Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, watau gidajen waya da tangaraho da tarho na ƙasar nan duk suna ƙarƙashinsa.

An haife shi ran 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a. Ya fara da allo a gida, sa'an nan makarantar Shahuci, da Midil ta Kano, da Kwalejin Kaduna, ya fito malamin makaranta a 1942. Ya koyar a Bauchi, ya je London ƙaro ilmi a 1946, daga baya aka tura shi Maru a lardin Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aiki ya dawo gida.

Abin da ya dawo da shi kuwa a nan unguwarmu aka haife shi. Ran 8 ga Agusta 1950 wasu mutum takwas, cikinsu da Abba Maikwaru da Bello Ijumu, suka taru a Sabon Gari suka kafa NEPU. Ba abin mamaki ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta zama masaukin akawuna da ma'aikatan reluwe da na gidan waya, nan labarin duniya ke fara sauka. A 1953 Malam ya zama shugaban jam'iyyar.

NEPU ba ta da kuɗi, ba ta da gidan rediyo, tarho kuwa na ofisoshin gwamnati ne da manyan kantuna. To, ta yaya maganar da aka yi a Kano take kaiwa ƙauyukan Katsina da Zariya? Ta bakin mutane. Direban lori ya kai wa tela a kasuwar wani gari, tela ya gaya wa mahauci, mahauci ya gaya wa masu zuwa cin kasuwa. In 'yan doka sun kama ɗaya, sai saƙo ya bi ta wani. Ashe abin da littafin kimiyya ke kira tsarin sadarwa ke nan: tashoshi, da hanyoyin da suka haɗa su, da mahaɗar da ke sanin inda za ta juya kowane saƙo. Ƙarfinsa kuwa shi ne kada a dogara ga hanya guda.

Malam ya ci zaɓen majalisar wakilai a 1959, ya faɗi a 1964. Sai ga 1966 da masifunta. Kashe-kashen da aka yi a wannan shekara sun taɓa Sabon Gari ƙwarai, 'yan Gabas suka kwashi iyalinsu suka koma gida, cikinsu har da ƙwararrun ma'aikatan reluwe da na gidan waya. A Yuni 1967 Yakubu Gowon ya kira farar hula cikin gwamnatinsa, aka ba Malam sadarwa, wata na zagayowa yaƙin basasa ya ɓarke.

Abin da ya gada ba shi da yawa. Lokacin samun mulkin kai a 1960, layukan tarho na Nijeriya kaf ba su kai 19,000 ba. Bari in ɗan tsaya a kan yadda suke aiki, don mu da muka buɗe ido da waya a aljihu ba mu san wahalar ba. In ana so gida 100 kowanne ya iya magana da kowanne kai tsaye, sai an ja waya 4,950. Ba mai iya wannan. Sai aka yi dabara: kowane gida a ja masa waya guda zuwa ɗakin haɗi, 100 ke nan kacal. A ɗakin akwai ma'aikaci zaune gaban wani allo mai ramuka. In ka ɗaga tarho ka faɗi lamba, sai ya ɗauki igiya ya soka kai ɗaya a raminka, ɗayan a ramin wanda kake nema. A manyan garuruwa inji ke wannan aiki, irin wanda wani Ba'amurke mai sana'ar shirya jana'iza, Almon Strowger, ya yi wa rajista a 1891, wai don yana zargin ana karkatar masa da masu kira zuwa wurin abokin hamayyarsa.

Cikas ɗin yana tsakanin gari da gari. Layukan da suka haɗa Kano da Kaduna da Ikko 'yan kaɗan ne, kuma muddin mutum biyu suna magana, layin nasu ne su kaɗai, ko da gaisuwa kawai suke yi, ko sun yi shiru. Don haka sai ka ba da sunanka a rubuta, ka zauna jira, wani lokaci sa'o'i. Na ƙasashen waje ya fi ban takaici. Turawa sun tsara hanyoyin ne don kowace ƙasa ta yi magana da uwar gijiyarta, saboda haka kira daga ƙasar da Ingila ta mulka zuwa maƙwabciyarta da Faransa ta mulka yakan bi ta London da Paris kafin ya dawo. Ka tuna fa, ɗan uwanka na Maraɗi raƙumi ma yana kai ka wurinsa!

A 1971, shekarar da Malam ya bar ma'aikatar, aka buɗe tashar Lanlate a Jihar Yamma ta lokacin, tasha ta farko a Nijeriya mai magana da tauraron ɗan Adam. Wani ƙaton faifai ne ke cilla murya sama, kimanin kilomita 36,000, tauraron ya mayar da ita wata nahiya. Ba zan ce shi kaɗai ya yi wannan ba, aikin injiniyoyi ne da yawa. Kuma a ganina dole a faɗi gaskiya: jagoran talakawa ya riƙe tarho shekara huɗu, amma tarho bai shiga gidan talaka ba. Yaƙi ya ci kuɗi, jan waya zuwa kowace ƙofa kuwa tsada gare shi. Ko NITEL da aka kafa a 1985 ba ta iya ba. Har 2001, da wayar salula ta GSM ta shigo, layukan ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba.

Wani abu kuma yana faruwa a can nesa. A Oktoba 1969, Malam yana kan wannan muƙami, masana a Kalifoniya suka aika saƙon farko tsakanin kwamfuta biyu ta tsarin da ya haifi intanet. Nan ba a keɓe wa kowa layi. Ana yanyanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane yanki da adireshi da lambarsa, kamar ɗan kasuwar Sabon Gari da ya rarraba kayansa a motoci daban-daban. Kowace mahaɗa ta duba adireshi ta tura yankin ta hanyar da ta fi sauƙi, in wata ta toshe a bi wata, a can ƙarshe a jera su yadda suke. Hoton da ka aika wa yayarka a Jidda haka yake tafiya. Telolin NEPU da sun ga wannan, ina jin ba zai zame musu baƙo ba.

Daga sadarwa aka mai da Malam ma'aikatar lafiya har 1974. Ya kafa PRP a 1978, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Ya rasu ran Lahadi 17 ga Afrilu 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazari mai suna Mambayya. Allah ya jiƙansa, amin.