Malam Sa'adu Zungur, Mai Gargaɗin Sarakuna

Marigayi Malam Sa'adu Zungur yana ɗan yaro ƙarami a Bauchi lokacin da mutanen Rasha suka tuɓe sarkinsu, Nikolas na Biyu, cikin 1917. Gidan sarautar nan ya shekara fiye da 300 yana mulki, amma yunwa da wahalar yaƙi suka tunzura talakawa da soja, kafin shekarar ta ƙare Lenin da 'yan gurguzu sun karɓe ƙasa. Cikin 1918 aka harbe sarkin da iyalinsa duka. Wannan labari ya daɗe yana hana masu mulki barci a ko'ina, har da Turawan da ke riƙe da Nijeriya.

Sa'adu ɗan gidan malamai ne, ya sha karatun Arabiyya tun kafin boko. Ya yi Kwalejin Katsina, daga nan cikin 1934 ya zo Kwalejin Yaba a Ikko, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga can. 'Yan'uwanmu mazauna Kudu sun san abin da baƙunci yake, balle a wancan zamani. Bayan ya koma ya koyar a Zariya, sai ciwon huhu ya mai da shi gida.

A Bauchi ne aka san ko shi wane ne. Shi da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suna cikin taron muhawarar da aka riƙa yi a garin wajen 1943, zamanin Sarki Yakubu na Uku. Nan Sa'adu ya dinga tuhumar mulkin En'e a gaban Turawa da manyan gari, abin da talaka ba ya ko mafarkin yi. Cikin 1948 ya sake zuwa Ikko ya zama Sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe, amma zaman bai yi tsawo ba, don ya ga ba a ɗauki damuwar Arewa da nauyi ba. Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, yana daga cikin waɗanda take jin shawararsu.

To, masu ganin duk mai sukar sarauta ɗan gurguzu ne sun yi kuskure a kansa. Hujjojinsa daga Alƙur'ani da koyarwar Shehu Ɗanfodiyo yake ɗauko su. A waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya bai nemi a rushe sarauta ba. Gargaɗi ya yi wa sarakuna, su yi adalci su buɗe ƙofar ilmi, in ba haka ba zamani zai ture su, Arewa kuwa ta koma bayan Kudu. Kaifin bakinsa dai ya sa fadawa da yawa ba su tsaya sun ji gargaɗin ba.

Ya rasu cikin 1958, bai cika shekara 45 ba, bai kuwa ga 'yancin kai ba. Allah ya jiƙansa. Bayan shekara goma gwamnatin soja ta raba sarakuna da kotuna da 'yan doka da gidajen yari, gyaran 1976 kuma ya kawar da En'e. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Gwallameji sun fi jin sunansa a jikin jami'ar jihar Bauchi da ke Gaɗau.