Georg Popp, Mutumin da Ya Sa Ƙasa Ta Ba da Shaida a Kotu

An haifi Georg Popp a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus a shekarar 1861. Ilmin haɗa sinadarai ya karanta, ya kuma buɗe ɗakin gwaje-gwaje na kansa, inda ake kawo masa abinci da ruwa yana bincika ingancinsu. Ba da niyyar farautar masu laifi ya shiga sana'ar ba.

Abin da ya karkato da shi littafi ne. A 1893 wani masanin shari'a ɗan Ostiriya, Hans Gross, ya wallafa jagora domin masu binciken laifuffuka, inda ya ja hankalinsu ga laka da ƙurar da ke manne wa takalmi. Wani alƙali mai bincike a Frankfurt da ya karanta littafin ya kai wa Popp wandon wani da ake tuhuma domin ya duba tabon da ke jikinsa. Daga nan ƙofa ta buɗe.

A watan Oktoba na 1904 aka tsinci gawar wata mai ɗinki a gonar wake, an shaƙe ta da gyalenta. A kusa da ita akwai wani ƙazamin hankici. Popp ya sa majinar da ke jikinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, sai ya ga burbushin kwal, da garin tabar shaƙa, da ƙwayoyin wani ma'adini mai duhu da ake kira honbilendi. Wanda ake zargi kuwa yana aiki a masana'antar iskar gas mai ƙona kwal, yana kuma taɓa aiki a ramin haƙar tsakuwa. An sami kwal da wannan ma'adini a ƙarƙashin farcensa. Ƙasar da ke jikin wandonsa hawa biyu ce: ta ciki ta dace da ta gonar waken, ta waje kuma ta dace da ta hanyar da ke komawa gidansa. Da aka shimfiɗa masa wannan hujja, ya amsa laifinsa.

Sai dai aikin da ya fi nuna zurfin tunanin Popp shi ne na 1908, kan kisan wata mata a daji kusa da garin Rockenhausen. Zargi ya faɗa kan wani manomi da aka sani da farauta ba bisa ƙa'ida ba. Shi kuwa ya dage cewa a ranar gonakinsa kawai ya zaga. Abin da bai lissafa ba shi ne matarsa ta goge masa takalma kwana guda kafin kisan, kuma bai sake sa su ba bayan ranar. Ke nan duk abin da ke jikinsu tsarabar yini ɗaya ce.

Popp bai kankare ƙasar gaba ɗaya ba, kamar yadda mai gaggawa zai yi. Ya bi ta hawa-hawa, irin yadda masana duwatsu ke karanta gaɓar kogi, suna sane da cewa abin da ke can ƙasa shi ya fara kwantawa. Hawan da ke manne da fata kashin dinya ne, irin wanda ya cika ƙofar gidan manomin. A kansa akwai jan yashi na dutsen da ke dajin da aka sami gawar. Na waje kuma garin kwal ne da bulo da siminti, daidai da na wani kangon fada inda aka gano bindigarsa da tufafinsa a ɓoye. Gida, daji, kango: takalmin ya jera tafiyar yadda aka yi ta. Farar tsakuwar da gonakinsa suke da ita kuwa, ko ƙwaya ɗaya ba a gani ba. Kotu ta same shi da laifi.

Daga baya Jami'ar Frankfurt ta karrama Popp da matsayin farfesa. Ya rasu a shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yana da shekara 81.